Sarewar gwangwani tana shaƙewa bayan minti biyar: yawu ne ko jabu ce?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Idi-Araba ne a nan Legas. Wata biyar ke nan da na fara koyon busa sarewar gwangwani, irin ta mutanen Ailan mai huji shida, jikinta tagulla, kanta jar roba. Idan na fara busawa muryarta tas take fita, amma kafin minti biyar sai ta dushe, ta riƙa gurgura kamar mai majina a wuya, muryar sama kuma ta ƙi hawa sam. A ɗakina abin da sauƙi, amma a sutudiyon da muke gwaji ko minti biyu ba ta yi. Abokina ya ce yawuna ne ya yi yawa, wani kuma ya ce jabu aka sayar mini, in sa ƙusa in buɗa bakin. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin mu je ko'ina, ajiye ƙusar nan, kada ka bari ta kusanci bakin sarewarka. Abin da ka kwatanta, wato murya ta fito tas da farko, ta dushe bayan 'yan mintoci, abin kuma ya fi tsanani a ɗaki mai sanyi, alama ce ta ruwa da ya taru a maƙoshin sarewar. Da jabu ce, da tun busar farko ka ji aibinta. Ruwan nan kuwa galibinsa raɓar numfashinka ce, yawu kaɗan ne a ciki. Na daɗe ina busa sarewa, ta kara da na taso da ita a gida da ta gwangwani da na koya bayan na zo Agege, kuma a cikin waɗanda ake kawo mini da sunan sun lalace, mafi yawa ba abin da suke nema sai wanki da ɗumi.

Abin da ke faruwa a cikin kan sarewar

Ɗauko ta ka duba kanta da kyau. Daga inda kake ɗora leɓe akwai wata siririyar hanya shimfiɗaɗɗiya, wadda buɗinta bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba. Ita nake kira maƙoshi. Tana ɓullowa a wata 'yar taga mai kusurwa huɗu, a ɗaya gefen tagar kuma akwai kaifi da ya gangaro kamar bakin gizago. Iskar da ka hura tana fitowa daga maƙoshi a miƙe, siririya kamar takarda, ta daki kaifin, ta riƙa kaɗawa tsakanin ciki da waje da saurin gaske. Kaɗawar nan ce ke tayar da iskar da ke cikin bututun, ka ji sauti. Duk aikin ya rataya ne a kan iskar ta iso kaifin a shimfiɗe, ba tare da wani abu ya tsaga ta ba. Ɗigon ruwa ɗaya da bai kai ƙwayar gero ba, idan ya tsaya a bakin maƙoshi, ya isa ya raba iskar biyu ko ya karkatar da ita. Shi ya sa muryar sama take fara tafiya, don ita ce ta fi buƙatar iska mai sauri kuma mai tsabta, sannan muryar ƙasa ta biyo da rawa da gurgura.

Wanda ya saba da sarewar Fulani zai yi mamakin wannan, domin ita ba ta da maƙoshi. Leɓen mai busa ne ke tsara iskar ya kai ta gefen karan, ruwan da ya taru kuma sai ya gangare ta ƙasa ya ɗiga, babu wani ƙunci da zai toshe. Sauƙin da sarewar gwangwani ta ba ɗan koyo, na ya samu sauti tun ranar farko, a maƙoshin nan yake, matsalarta ma a nan take.

To daga ina ruwan yake zuwa? Numfashin mutum yana fitowa da zafin kimanin digiri 34 zuwa 35, kuma cike yake da tururi iya abin da iska za ta iya ɗauka. Iska mai zafin digiri 35, idan ka auna cikin akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe, tana iya riƙe ruwa kusan giram 40. Idan ta huce zuwa digiri 20, abin da za ta iya riƙewa bai wuce giram 17 ba. Sauran, fiye da rabi ke nan, dole ya sauka a kan duk abin da ya sanyaya ta. Shi ne gumin da kake gani a ƙarƙashin murfin tukunya, shi ne hazon da ke rufe gilashin danfo idan ana ruwa an rufe tagogi. Wuri na farko da numfashinka ke taɓawa a sarewa shi ne bangon maƙoshi, saboda haka a nan raɓar take fara sauka.

Abokinka bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Ɗan koyo yakan tara yawu fiye da kima, don baki yana ɗaukar duk abin da aka sa masa a matsayin abinci, kuma sai an ɗau makonni kafin ya saba. Idan kana cusa bakin sarewar har tsakanin haƙora, ko kana dukan kowace murya da harshe da ƙarfi, kana tura yawu ciki. Ɗora ta a kan leɓe kawai, abin da ya shiga baki kada ya wuce kan farce, ka haɗiye yawu kafin ka fara, ka kuma ɗaga kanka maimakon ka sunkuya a kanta. Amma da yawu ne kaɗai, ba za ka ga bambanci tsakanin ɗakinka da sutudiyo ba. Bambancin nan da ka ambata da kanka shi ya ba da amsar.

Inda Legas ta shigo cikin maganar

Sarewar nan a ƙasar sanyi aka haife ta. Wani Bature mai suna Robert Clarke ya fara naɗa gwangwani yana ƙera ta a Ingila a 1843, mutanen Ailan suka rungume ta har ta zama kamar tasu, matasan Afirka ta Kudu kuma suka gina kiɗan kwela a kanta a shekarun 1950. A can Turai sanyin gari ne ke sanyaya ta. Mu a nan, da rana tsaka a watan Maris, kan sarewar da kansa yana kusa da zafin numfashi, saboda haka idan ka zauna a ƙofar gida kana busawa da wuya ta shaƙe da wuri. Sanyinmu na Legas iyakwandishan ne ke kawo shi: sutudiyo, ɗakin taro, otal, motar da aka ƙure wa sanyi.

Akwai kuma abin da mutanen Turai ba su cika fama da shi ba. Iskar Legas jiƙe take, musamman daga Afrilu zuwa Oktoba. A yawancin kwanakinmu, duk abin da sanyinsa ya sauka ƙasa da kimanin digiri 24, idan ka fito da shi waje zai yi gumi da kansa, kamar ledar fiya-wata da aka ciro daga kula, ko tabarau ɗin mutumin da ya fito daga banki. Ke nan sarewar da ta sha sanyin mota daga Ikeja zuwa Obalende tana iya jiƙewa ciki da waje tun kafin ka sa mata baki. Bayan an gama busa kuma, ruwan da ya shiga ba ya saurin bushewa, domin iskar da za ta ɗauke shi ita ma a ƙoshe take. A Kano ko Katsina lokacin hunturu, ka ajiye sarewa rabin awa ta bushe ƙayau. A nan, cikin watan Yuni, kana iya buɗe jaka bayan kwana biyu ka tarar da danshin jiya da shekaranjiya.

Na ga wannan da idona a wani dare cikin Yuli, a wani sutudiyo a Surulere. An kira ni in sa busa a wata waƙa, na je da babbar sarewata ta alminiyam, mai kauri, mai muryar ƙasa. Mawaƙin ya makara saboda ruwa ya tsayar da hanya, ni kuma na jingina jakata daidai ƙarƙashin iyakwandishan, aka yi kusan awa biyu ana hira. Da aka fara ɗauka, layin farko ya fita lafiya, a na biyu mai haɗa sautin ya ɗaga hannu ya ce yana jin kamar ruwa na tafasa a kunnensa. Na haska tocilar waya ta taga, na leƙa ta baki, sai ga ɗigogi jere a bakin maƙoshi, ƙanana masu sheƙi, kamar an zuba tsakiya. Na toshe taga na fesar da su, na zura kan sarewar a hamata ta cikin riga, muka kashe sanyin minti biyar. Daga nan har muka gama ba ta sake tsayawa ba. Tun ranar, duk inda na shiga mai sanyi, sarewata a jikina take zama.

Irin abin da aka ƙera kan da shi yana da tasiri. Ƙarfe, musamman alminiyam, yana kwashe zafi da sauri ya watsa shi cikin jikin bututun, saboda haka sarewar da kanta da jikinta duk ƙarfe ne tana daɗewa ba ta ɗumama ba. Roba ba ta kwasar zafi haka, cikin 'yan mintoci bangon maƙoshinta yake kama ɗumin numfashi. Daga bayaninka, taka tana kama da ƙirar kamfanin Generation, wadda ta tagulla take zuwa da jan kai, ta farin ƙarfe kuma da shuɗi. Idan haka ne ka yi sa'a ta wannan fuskar, ɗumama ta ba wuya. Sai dai roba tana da nata halin.

Maiƙo

Ka taɓa lura da ruwan sama a kan ganyen gwaza? Ba ya shimfiɗuwa, sai ya dunƙule ya zama ƙwallaye. Haka yake yi a kan farantin da aka ci miyar manja ba a wanke da sabulu ba. A kan gilashi mai tsabta kuwa ruwa kwanciya yake yi, ya bazu siriri. Wannan shi ne zuciyar maganar, ƙanena, domin ba za ka taɓa hana ruwa shiga sarewa ba muddin da numfashi kake busa ta. Ruwan da ya kwanta ya bazu ba ya cutar da sauti, iska tana tura shi gaba ya fita. Wanda ya dunƙule shi ne ke shaƙe ta. Roba dama can ba ta son ruwa, idan kuma maiƙo ya hau kanta sai abin ya ninka.

Maiƙon daga bakinmu yake fitowa. Ka ci tsire da yaji, ka sha shayi mai kauri da madara da sukari wurin mai shayi, ka ɗauki sarewa ba ka kurkure baki ba, duk wannan yana bin numfashi ya manne a maƙoshi. Basilin da muke shafa wa leɓe idan hazon Disamba da Janairu ya sauko yana daga cikin mafi muni, don kai tsaye yake shiga. Mai cin goro kuma yana tura 'yan ɓarɓashi, kowane ɗaya ya zama wurin da ɗigo zai maƙale. A kan wannan sai ƙurar hanya ta zauna, danshin Legas kuma ya kawo fumfuna. Na sha buɗe kan sarewa in ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo a ciki da wani yauƙi, mai ita yana rantsuwa kullum yana goge ta. Waje yake gogewa.

Yadda za ka yi

Fara da wanki. Samo ruwan ɗumi, wanda hannunka zai iya zama a ciki, ka ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke, ka tsoma kan sarewar na 'yan mintoci. Sannan ka yanki siririn tsiri daga katin gayyatar biki ko wani kwali mai laushi, daidai faɗin maƙoshi, ka zura ta baki ka riƙa kai da komowa a hankali. Gashin kaza mai tsabta ma yana yi. Kada ka bari ya daki kaifin da ke gaban taga. Ɗauraye da ruwa mai kyau, ka yarfe, ka bar ta ta bushe. Garin omo yana barin tsakuwa-tsakuwa, bilic yana cin ƙarfe, sifirit kuma yana iya tsattsaga wasu robobi, saboda haka bar su duka. Tafasasshen ruwa ma haka, yana iya lanƙwasa kan. Ka sani cewa ruwan ɗumi yakan sassauta gam ɗin da ya riƙe kai da bututu. Idan kan ya motsa ba ɓarna ba ce, masu busa da yawa da gangan suke cire shi don su riƙa daidaita murya, sai dai ka yi wa wurin alama tukuna don ka mayar da shi inda yake, taga tana kallon layin hujojin.

Bayan ta bushe sai a yi mata abin da na fi dogara da shi. Zuba ruwa cokali biyu na cin abinci a ƙaramin kofi, ka sa ɗigo ɗaya ko biyu na sabulun ruwan nan, ka motsa a hankali kada ya yi kumfa. Juya sarewar baki yana kallon ƙasa, ka ɗiga ruwan ta taga ya bi maƙoshi ya fito ta baki. Goge wajen, ka ɗora yatsa a kan taga ka hura sau ɗaya don abin da ya yi yawa ya fita, ka jingina ta ta kwana ta bushe ba tare da ka ɗauraye ba. Ɗan sabulun da ya bushe a bangon shi zai riƙa karya dunƙulewar ruwa, ya sa shi kwanciya. Masu busa sarewar katako a Turai suna sayen wani ruwa na musamman a kwalba don wannan aiki, kuma sinadarin da ke cikin irinsa dangin wanda ke cikin sabulu ne, ba sai ka yi odarsa daga waje ba. A wurina shafi ɗaya yana kai mako ɗaya zuwa biyu, gwargwadon yawan busa. Idan ka ji ɗacin sabulu a leɓe, ka zuba da yawa, rage a gaba. Wasu suna amfani da man goge baki, ni ban so, don yana da gari mai kankara kuma yakan daskare a lungu.

Sai ɗumi. Kafin ka fara, riƙe kan a tafin hannu ko ka sa shi a hamata ko aljihun ƙirji na minti uku zuwa biyar. Mutane da yawa suna ɗumama ta da hura numfashi a cikinta tana da sanyi, wannan kuwa jiƙa ta kake yi da hannunka tun kafin a fara. Jiki ya fara ɗumama ta, numfashi ya biyo baya. A sutudiyo ka zauna nesa da inda sanyi ke sauka, kuma duk lokacin da aka tsaya, mayar da ita jikinka, kada ka ɗora ta a kan tebur ko tayil. Wata riba kuma, sarewa mai sanyi muryarta takan yi ƙasa kaɗan, tana ɗumama tana hawa, saboda haka idan da mai piyano ko mai jita kuke, sai ta ɗumama sannan ku daidaita.

Idan ta shaƙe kana tsakiyar busa, hanya biyu ce. Ka kwantar da tsokar yatsa a kan taga, ban da farce, ka hura da ƙarfi sau ɗaya. Yatsan yana hana ta ƙara mai tsaga kunne, ruwan kuma ya wuce cikin bututu. Ko kuma ka zuƙa da sauri, ruwan ya dawo baki. Ta biyun ba ta da sauti ko kaɗan, ana iya yin ta a tsakanin numfashi biyu ba wanda ya sani, kuma a sarewa mai tsabta ruwan numfashinka ne kawai. A wadda ba a wanke ba, ko ta aro, ban ba ka shawarar zuƙa ba. Kada kuma ka riƙa buga ta a gwiwa ko gefen tebur, haka kawunan roba suke tsagewa. Tunda irin taka ba ta da tsada sosai, idan hali ya yi ka samu ta biyu, ɗaya a baki ɗaya a aljihu tana jiran juyi.

Bayan ka gama, fesar da ruwan, ka yarfe, ka zura ƙyalle mai laushi a jikin siririn tsinke ka share cikin bututun daga ƙasa, ka tsaya kafin ka kai taga. Jingina ta a tsaye gaban fanka kafin ta shiga jaka. Leda ita ce babbar abokiyar gabarta a garin nan. Jakar yadi ta fi, ka jefa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Tagulla za ta yi duhu, wani wuri ma ta yi kore, musamman ga wanda ke zaune kusa da ruwan gishiri, amma wannan bai taɓa sauti. Mai irin ta Clarke ta asali, wadda aka naɗa da gwangwani aka toshe bakinta da katako, shi ne zai fi kula. Katakon yana shan ruwa, maƙoshinta kuma yana da faɗi, shi ya sa ba ta cika shaƙewa ba, amma idan aka jiƙa ta a kwano katakon zai kumbura, jikin kuma ya kama tsatsa. Ita gogewa da shanyawa kawai take so.

Inda maganin nan ya tsaya

Ban riƙe sarewarka a hannuna ba, da bayaninka nake aiki, saboda haka ga gwajin da zai raba gardama. Wanke ta, bar ta ta bushe, ɗumama ta, sannan ka busa. Idan tun muryar farko a dushe take, ba ruwa ba ne. Duba ko kan ya tsage daga inda ya kama bututu, ko akwai ɓurɓushin roba da ya rage daga masana'anta a gefen taga, ko kuma yatsunka ne ba su rufe hujojin ruf ba, wanda ke faruwa da kusan kowa a watannin farko. Akwai kuma sarewar da aka ƙera da maƙoshi matsattse ƙwarai. Irin wannan tana cin iska kaɗan, tana da daɗin riƙe dogon layi, amma komai ka yi mata za ta riƙa neman a fesar da ita lokaci-lokaci, sai dai ka koyi inda za ka saci numfashin yin haka a cikin waƙa.

Maganar ƙusa kuwa, an taɓa kawo mini wadda aka yi wa haka, wani yaro daga Mile 12. Ya buɗa maƙoshin da allurar ɗinkin buhu, ya bar zane-zane a bangon, ya kuma ɓantare gefen kaifin. Kowane zane ya zama kwarin da ruwa ke kwanciya, muryar sama ta tafi ba dawowa, sarewar ta koma cin iska kamar ana hura wuta. Na juya ta a hannuna na daɗe, ban ga abin da zan iya yi ba sai dai ya sayi wata. Taka ba ta kai nan ba. Yi mata wankin nan da ruwan sabulu yau da dare, gobe ka tafi sutudiyo da ita a aljihun ƙirji, ka rubuto mini minti nawa ta yi kafin ta nemi fesawa.